Famfo ya mutu, wai laifin direba ne

Jiya a wani wurin aiki da ke arewacin Jidda aka zabtare wa wani dattijonmu direban buklen, wato injin haƙar ƙasa, albashin wata biyu, wai shi ya kashe famfon haidrolik. Injin Komatsu PC200-8 ne, ajin tan 20, kuma tun shigowar zafi gudumar fasa dutse ce a hannunsa, ba bokiti ba.

Duk mai taɓa injin nan ya san ƙa'ida: a canza baƙin mai da filtarsa duk awa 500 na aiki, filtar haidrolik awa 1000, man haidrolik ɗin kansa awa 5000. Wannan lissafin mai haƙar ƙasa ne. Da zarar an ɗaura guduma, littafin injin ya ce a rage wa'adin sosai, domin bugun yana dafa mai yana tara masa datti. Filtar haidrolik da ke cikin wannan injin kuwa ta bara ce.

Dattijon ya cire ta ya sa a leda, ya shiga ofis ya warware takardarta a gaban fomen, yaron nan namu Bahaushe da bai kai sa'an ɗansa na fari ba. Garin tagulla na ƙyalli a kowane ninki. Ya ce, "Ɗana, dubi nan. Takalman fistan ɗin famfo ne ke cinyewa. Tun tuni na gaya maka in mai ya ɗau zafi injin yana mutuwar jiki, hannu ba ya ɗagawa sai da ƙugi." Fomen bai ɗago kai daga waya ba. Da bakin biro ya ture ledar, kada ta ɓata masa farar riga. "Baba, kai direba ne ko injiniya? Jan liba aka ɗauko ka yi. In ya fi ƙarfinka, goma na jira a bakin ƙofa." Sannan ya juya harshe zuwa Larabci domin mudir, wato manaja, ya ji: "Khalas, ruh," wato shi ke nan, tafi.

Sannu injiniyan waya! Ashe Baba ne ya bar ƙura ta toshe kular mai, wato na'urar sanyaya mai, aka hana shi awa ɗaya ya wanke ta. Ashe shi ya je sina'iyya, unguwar gareji da kayan gyara, ya sayo filtar jabu a kwalin ta asali. Shi ne ma ya ba da umarnin a hura filtar iska ta ciki da kwamfaresa, wadda sam ba a taɓa ta. Ta waje ake hurawa, daga ciki zuwa waje, matsin iska ƙasa da kilo 7 a kowace murabba'in santimita, bayan sau shida a zubar da su duka biyun.

Famfon da ke tura mai da matsin kilo 380 a kowace murabba'in santimita ba ya yafe ganganci. Mai ya haura digiri 80 ya tsinke, sil, wato robobin da ke hana yoyo, su bushe, tagulla ta soma goga ƙarfe. Yanzu kuma sabon famfo kaɗai ba magani ba ne. Sai an juye tankin, lita 135, an wanke shi, an wanke rariyar tsotso da kular mai da tiyo-tiyo da silinda, in ba haka ba garin da ya saura zai cinye sabon.

Hukuma ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, madalla. Masu duba aiki su zo su ƙirga hular kwano su tafi, littafin sabis yana durowa ba mai tambayarsa. Kwangila ta bi hannu uku kowa ya yanki rabonsa, kuɗin filta ya bi iska, asarar ta sauka kan mai iƙama a aljihu. Shugabannin gida da suka koro ƙwararre irin wannan zuwa nan, ko labarinsa ba su da shi. Mu kuma da an ɗora ɗayanmu a kujera mai esi, kan ɗan'uwansa yake fara takawa.

Yau da safe fomen ya aika tashlih, wurin sayar da kayan matattun motoci da injuna, a nemo famfo na hannu. Tankin ya ce ba lokacin wanke shi.