Ku ƙara da na Justin Adams da Mauro Durante

Na ji daɗin wannan labarin naku kan sabbin faifan kiɗan gargajiyar Italiya wallahi, don mutane da yawa in an ce Italiya sai ƙwallo da taliya. Amma kun tsallake faifan Still Moving da Justin Adams da Mauro Durante suka fitar a 2021, daga baya suka ƙara Sweet Release a 2024. Shi Durante ɗan yankin Salento ne can kudancin ƙasar, shi ke jagorantar ƙungiyar makaɗa ta Canzoniere Grecanico Salentino da aka kafa tun 1975, shi kuwa Adams Bature ne ɗan Ingila mai jita wanda ya yi aiki da ƙungiyar makaɗan Buzaye ta Tinariwen, shi ya sa kunnena ya kama abin nan take.

Kiɗan pizzica kenan, wato kiɗan gargajiyar Salento, da ɗan gangan nan mai faɗi tamburello mai ƙananan ƙarafa a gefe, in ka sa abin sauraro a kunne har ƙarar yatsa a kan fata kana ji, ba na'ura ba ce. A da fa magani ne, matan da aka ce gizo-gizo ya cije su a gona ake kaɗa wa su yi ta rawa har su faɗi.

Abin da ke damuna kawai shi ne bikin kiɗan pizzica na Notte della Taranta da ake yi a garin Melpignano na Salento, tun 1998 ake yi, yanzu ya cika da taurarin zamani har muryar tsofaffin ta fara ɓacewa. Don Allah ku kawo mana rahoto kan mawaƙan makiyayan tsibirin Sardiniya na Italiya masu haɗa murya huɗu.