Ba Wanda Ya Ce wa Inna Ta Buɗe Baki

Yau kwana goma sha tara ke nan rabon Inna da tuwo. Ganɗarta ke ciwo, can saman baki daga ciki, duk sa'ad da za ta haɗiyi wani abu sai ta runtse ido ta dafe kunne. Kunu ma sai ya huce, kuma ban da na tsamiya. Matar da ke fama da ciwon suga, wadda aka gargaɗa kada ta zauna da yunwa, ita ce yanzu ke tsoron haɗiyar miyau.

Kemis biyu muka je, kowanne ya ƙulla mana ƙwayoyi, har da Ampiclox, abin sai gaba yake yi. Jiya na ɗauko ta daga Ƙauran Namoda zuwa Gusau, hanyar da kowa ya san da addu'a ake bin ta. Ƙarfe takwas muka yanki kati a wani asibiti. Ba a kira mu ba sai bayan azahar.

Muka shiga da sallama. Mutumin yana zaune, kansa a kan waya. Na sake sallama.

"Mene ne?" in ji shi, bai ɗago ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe likita, mahaifiyata ce. Saman bakinta ke ciwo in za ta haɗiyi abu."

"Ita ba ta da baki ne?"

Inna ta gyara mayafi ta ce a hankali, "Ɗana, ai bakin ne ke ciwo."

Sai ya ja tsaki. Tsaki fa, a gaban matar da ta haifi sa'anninsa. Ya ce, "Ke tsohuwa, abu mai zafi kika sha. Ga mutanen da aka harba can a kwance, ku kun zo mana da ciwon baki."

Na danne zuciyata na ce, "Likita, tana da suga, kuma an kusa sati uku. Ko za a ɗan haska a gani?"

Nan ne ya ɗago ya kalle ni sama da ƙasa. "Kai ne likitan ko ni? In ka iya aikin, ga kujera."

Ya ja takarda ya yi rubutu, ya yage, ya turo ta bakin tebur, ya ce na gaba ya shigo. Wallahi ba mu yi minti biyu a ɗakin ba. Wayar da yake latsawa akwai tocila a jikinta. Bai ce wa Inna ta buɗe baki ba. Da muka je sayen maganin, irin wanda ta gama sha ne a gida.

Ni ba likita ba ne, amma na san ƙunar abinci mai zafi kwana kaɗan take yi ta warke. Na san mai ciwon suga kan yi fama da farin gansakukar nan da ke fitowa a baki, kuma yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai na ƙara jawo ta. Ruɓaɓɓen haƙori na sama na iya kawo irin wannan ciwo, haka hakin wuya. Kuma gyambon baki da ya kai sati uku bai warke ba, dole mai ilimi ya duba shi da idonsa. Ta yaya za a rarrabe waɗannan ba a leƙa bakin ba?

Za a ce shi kaɗai ne, layi ya yi masa yawa. Na yarda. To wa ya bar shi shi kaɗai? Tun 1996 aka ba mu jiha, amma ciwon baki sai mun kwaso tsohuwa mun biyo hanyar mutuwa zuwa Gusau, don asibitin kusa da mu gini ne kawai da fenti. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Likitoci na ta kwasar jaka zuwa Saudiyya da Ingila. Manya in kansu ya sara, sai Masar, sai Indiya, sai Landan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana talaka zuwa asibiti. Mu kuma an wulaƙanta iyayenmu a gabanmu mun ce a yi haƙuri, in zaɓe ya zo a rufe mana baki da taliya da sabulu.

Da muka dawo gida, Kawu ya ce belu ne, a kira wanzami ya cire. Na ce mai suga ba ta son rauni, ga zubar jini, ga askar da ba a san bakin wa ta shiga ba. Ya ce, "To asibitin naku me suka ce?" Na yi shiru. Inna kuma ta ture kofin kunun, ta ce kada in sake kai ta wurin da yaro zai yi mata tsaki.