Kafson man kifi ko kifin kansa?

Wani abu da na lura da shi a zaman da nake yi a Turai shine yadda mutane suka ɗauki kafson omega-3, wato wani nau'in maiƙo da ake samu a man kifi, kamar laya, kowane kemis ka shiga kwalabe ne jere, wannan na ƙwaƙwalwa wancan na zuciya, har 'yan uwa daga gida sun fara cewa in sayo musu. Ni kam ra'ayina kifin ya fi kwalbar, sai dai in likita ne ya rubuta maka.

Ba wai omega ɗin ƙarya bane fa. Jiki baya iya haɗa omega-3 da omega-6 da kansa, dole sai daga abinci. Omega-6 bamu da matsalarsa don yana cike a man waken suya da man masara. Omega-3 ne ake fama, shi kuma kala uku ne, ALA da ke cikin ƙwayoyin tsirrai irin su chia da flaks, sai EPA da DHA da ke cikin kifi mai maiƙo kamar sadin da makarel da salmon. DHA ɗin nan yana cikin ginin ƙwaƙwalwa da ido. Jiki na juya ALA ya koma EPA da DHA amma ɗan kaɗan ne sosai, shi yasa wanda baya cin kifi gara ya nemi man gansakukan teku, dama can kifin ma daga nan yake samu.

Hayaniyar ta faro ne a shekarun 1970 da wasu likitocin Denmak, Bang da Dyerberg, suka yi nazarin mutanen Inuit na Girinland masu cin kifi da naman dabbobin ruwa, suka danganta abincin nasu da lafiyar zuciya. Daga nan 'yan kasuwa suka ɗauka. To amma da aka zo gwaji na gaske labari ya sha bamban, binciken VITAL a Amurka da ya fito 2018, mutum kusan dubu 26 ana ba rabinsu giram 1 kullum, manyan cututtukan zuciya gaba ɗaya basu ragu yadda aka zata ba, ciwon daji ma haka, kuma da aka duba ɓangaren ciwon damuwa a 2021 kafson bai hana lafiyayyu kamuwa ba. Binciken da ya nuna amfani sosai shine REDUCE-IT, amma can EPA zalla ne giram 4 a rana, ga masu yawan maiƙo a jini da suke kan magani, wato magani ne na asibiti, kuma yawansa na iya kawo rikicewar bugun zuciya.

Maganar damuwa ita tafi damuna wallahi. Akwai alamun kafso mai yawan EPA na ɗan taimakawa in an haɗa da maganin likita, amma mutum ya ajiye maganinsa ya koma kan man kifi, wannan ganganci ne. Masu ciki kam nasu daban, an ga yana rage haihuwar bakwaini, su tambaya a wajen awo.

Sannan a riƙa juya bayan kwalba ana karantawa, da yawa an rubuta 1000mg ɓaro-ɓaro a gaba amma EPA da DHA ɗin ciki basu wuce 300 ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka cewa tayi a ci kifi sau biyu a sati, na gwangwani ma ya shiga lissafi, ga furotin da bitamin D a ciki.