Sojojin bakan da ko halala ba a ba su

Ranar Juma'ar da aka wayi gari da sakamakon The Game Awards na 2025, bikin raba kambunan wasannin bidiyo na shekara-shekara, na biya gidan yayata a Karantina don in ɗauki yaranta mu wuce masallaci. Falon na tarar kamar gidan makoki. Samari biyar a baje a kan kafet, idanu jajur, kofunan shayi sun bushe, ga ragowar tamis da ful a gefe. An fara bikin a Los Anjeles da yammacin Alhamis 11 ga Disamba, wanda a agogonmu na Jidda tun kafin kiran asuba ke nan, su kuwa ba wanda ya runtsa.

"Kawu, wallahi fashi aka yi mana," in ji babban ɗanta, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

Na ce, "Ku da wa?"

"Kingdom Come mana. Ko kambu ɗaya ba a ba su ba, wasan Faransawan nan ya kwashe tara shi kaɗai. Maguɗi ne ƙiri-ƙiri."

"Ka buga Kingdom Come ɗin?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ya kalli wani yana bugawa a YouTube. Na tambayi wanda ya ci ɗin, Clair Obscur: Expedition 33, ya ce shi ma ya ga ɗan guntu a TikTok, bai burge shi ba. A talabijin ɗin da ke gabansu kuwa wasan ƙwallon FC 26 ne a tsaye, Ittihad da Hilal, an dakatar a minti na saba'in. Wannan ne wasan da suke kwana a kai shekara da shekaru, kuma bai taɓa kusantar kambun gwarzon shekara ba.

Da a falon abin ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Amma mako guda cur zaurukanmu na WhatsApp da Snapchat, daga Jidda har Sharar Mansur a Makka, ba su da wata magana sai ta kiran a kori alƙalai a bar 'yan wasa su zaɓi gwarzonsu da ƙuri'a. Har manya masu gemu na ga suna tura wannan saƙo da alamar wuta. Wannan kira shi ya dame ni, domin daga nesa yana kama da neman adalci, in ka matso kusa kuwa shirme ne tsagwaronsa.

Kowa ya san tsarin. A bikin, wanda Geoff Keighley ya kafa a 2014, hukuncin manyan kambuna yana hannun kwamitin kafafen yaɗa labarai sama da ɗari daga ƙasashe daban-daban, su ke da kashi 90 cikin ɗari, jama'a kuma kashi 10. Masu ƙorafi suna cewa wannan raini ne ga waɗanda ke cire kuɗi su sayi wasa. To, ai an ba jama'a nasu akwatin, kambun da ake kira muryar 'yan wasa, wanda ƙuri'ar intanet kaɗai ke yanke shi. Mu duba abin da aka yi da shi.

A 2021 Genshin Impact ya ci kambun wasan waya, kamfanin ya yi wa kowane ɗan wasa tukuici da duwatsun cikin wasa 1,600, waɗanda a ƙa'ida da kuɗi ko da wahala ake samu. Da shekara ta zagayo, magoya bayansa suka yi tururuwa zuwa akwatin jama'a, suka kara da magoya bayan Sonic Frontiers, aka yi ta jifan juna da zargin ƙuri'un bogi da sayen baki, a ƙarshe Genshin ya ɗauka. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin zaɓe a gida ya san sunan wannan abu. Taliya da sabulu ne aka mayar na kwamfuta. A 2025 ma wani wasan mai irin wannan tsari na kyauta da jan ƙuri'ar sa'a, Wuthering Waves, shi ya ci wannan akwati. Wanda ya fi yawan mabiya masu waya a hannu da alkawarin tukuici a gaba, shi zai fi yawan ci, ko da wasan nasa bai kai ya wanke wa sauran hannu ba. Wannan kasuwar ake so a miƙa wa babban kambu?

Sai kuma abin da ya faru a 2024, wanda har yau in na tuna nakan girgiza kai. Black Myth: Wukong na kamfanin Game Science na ƙasar Sin ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku, ya ci kambun jama'a, ya ci na wasan faɗa, amma gwarzon shekara ya tafi ga Astro Bot. Shugaban kamfanin, Feng Ji, ya fito a Weibo, shafin sada zumunta na Sin, yana cewa tun shekara biyu baya ya rubuta jawabin karɓar kambun. Magoya baya suka fusata. Ina suka kai fushin? Suka shiga Steam, kasuwar sayen wasanni ta intanet, suka yi ta zuba wa Baldur's Gate 3 mummunan sharhi, wasan da ya ci tun 2023 kuma ba ya cikin takarar, laifinsa kawai shugaban kamfaninsa, Swen Vincke, shi ya hau dandamali ya karanta sunan wanda ya ci. An bar jaki ana dukan taiki. Mutanen da suka aikata haka su ne ake ce mana sun fi alƙalai sanin ya kamata.

Kada a ɗauka ina wanke alƙalan nan ne. Su ma suna da nasu son zuciyar, kuma a bayyane yake. Duba jerin waɗanda suka ci: The Witcher 3 a 2015, God of War a 2018, The Last of Us Part II a 2020, Elden Ring a 2022. Yawanci wasan mutum ɗaya ne mai dogon labari, wanda ke buƙatar na'ura mai tsada da sa'o'i hamsin na zama shiru. Wasan ƙwallo bai taɓa ci ba, wasan da aka ƙera don waya bai taɓa ci ba. Ɗanɗanon ɗan jarida ne da aikinsa ke nan, ya gama wasa ya rubuta ya ɗauki wani. Shi kansa bikin, rabinsa da ɗoriya talla ce. A 2023 daƙiƙa talatin aka riƙa ba waɗanda suka ci su yi godiya kafin a nuna musu allon ku taƙaita, a kunna kiɗa, alhali masu tallan sababbin wasanni suna shan mintuna yadda suka ga dama. Amma aƙalla alƙalin ya zauna ya buga abin da yake yanke wa hukunci. Ɗan yayata fa?

Masu cewa a duba yawan ciniki kawai ba su cancanci dogon amsa ba, in haka ne sai a ba baƙalar unguwa kambun girki tunda ta fi kowa sayar da indomi. Su kuma dattawanmu masu cewa duk abin ɓata lokaci ne, Allah ya ƙara girma, ba da ku ake yi ba yau.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda muke zaune muke wannan kuka. A ƙasar nan asusun zuba jari na gwamnati, ta hannun Savvy Games, ya sayi ESL da FACEIT, masu shirya gasar wasannin kwamfuta, kan dala biliyan 1.5 a 2022, ya sayi Scopely mai ƙera wasannin waya kan biliyan 4.9 a 2023. A Satumban 2025 aka sanar da cewa asusun da abokan hulɗarsa za su sayi EA, masu FC ɗin da ke kan talabijin ɗin yayata, kan dala biliyan 55. A Riyad aka yi gasar cin kofin duniya ta wasannin kwamfuta, wadda kyautarta ta haura dala miliyan 60 a 2024, ta haura miliyan 70 a 2025, kuma duka biyun ƙungiyar Falcons ta nan gida ce ta zo ta ɗaya. Tun 2018 Musa'id Aldosari ya ɗauko kofin duniya na wasan FIFA. A shekarar nan ɗin dai Hausawi uku ne a tawagar ƙwallon Saudiyya da ta je Rasha, Usama da Umar da Mu'utaz. Fili a buɗe yake a ƙofar gida, kuma filin irin wasan da yaranmu suka ƙware a kai ne. Yaron da zai iya lallasa duk istirahar unguwarsu a FC, hannu ɗaya yana riƙe da shayi, ya bar wannan ya kwana yana yi wa kamfanin da ya ƙera Kingdom Come a birnin Firag kuka, kamfanin da bai san akwai wata Karantina a duniya ba. Wannan ai shiga sharo ne ba shanu.

A Kano sojan baka in ya shiga rediyo ya zagi abokin hamayyar ubangidansa, da yamma akwai ambulan. Namu na nan ko halala ba su gani. Su za su sayi wasan dala 70, sama da riyal 260 ke nan, su sayi katin intanet, su ba da barcinsu, sannan su yi wa kamfanin faɗa kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamfanonin kuwa sun fi kowa jin daɗin rigimar, don kowane zagi talla ne, kowane "an yi fashi" yana tura wani ya je ya duba abin da aka yi fashin a kansa. In an ce maguɗi, sai in tambaya: wa aka cuta? Duka wasannin shida da suka shiga takarar sun wayi gari da sunansu a bakin duniya. Wanda ya yi asara a daren nan ɗaya ne, shi ne wanda ya yi gyangyaɗi a huɗubar Juma'a.

Ba wani babban gyara nake kawowa ba. Wanda bai buga wasa ba ya kama bakinsa a kansa, wannan dai bai buƙaci kwamiti ba. In jeri ake so, samarinmu su zauna a ƙarshen shekara su jera nasu, na abin da hannunsu ya taɓa, da FC da PUBG da ma balot na waya, su faɗi dalili. Kuma lokaci ya yi da wani cikin masu surutun nan zai buɗe kafa da Hausa yana buga wasa daga farko har ƙarshe kafin ya yanke hukunci. Masu jin Hausa a Makka da Madina da Jidda kaɗai sun ishe shi 'yan kallo, balle a haɗa da gida.

Kwana tara bayan waccan Juma'a saƙon ɗan yayata ya shigo wayata. "Kawu barka da dare. Don Allah ko za ka taimaka mini da riyal 200, wasan Faransawan nan nake so in saya, abokaina sun ce ba dama." Na rubuta masa cewa ya tura buƙatar Firag, tunda su ya yi wa aiki.