Wa zai kwana da yaran?

Jama'a sallama. Rubutun nan zai yi tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Shekaranjiya wani Alhaji da nake yi wa ɗinki ya shigo shago karɓar kayansa, ya iske ni ina yankan fular, wato ƙyallen wuya na ƴan sikawut, ƙungiyar nan ta horar da yara. Ya ce, "Malam, har yanzu kana nan da wasan yaran nan? Da furfurarka?" Na ce ina nan, Alhaji. Ya sa hannu aljihu ya miƙo mini jika 10, ya ce a ƙara a cefane. Allah ya saka masa da alheri, kuɗin sun shiga inda ya kamata. Amma da na ce masa, "Alhaji, dare biyu za ka ba mu bana, ka zo ka kwana tare da mu a sansani," sai ya dube ni kamar na roƙe shi makullin sitonsa. Ya yi dariya, ya ɗauki kayansa, ya ce a gaida yara.

Ban ji haushinsa ba, don haka kusan kowa ke yi. Maradi ba garin rowa ba ne. Ka zaga kasuwa da takardar neman taimako, kafin la'asar ka haɗa buhun shinkafa da bidon ɗin mai da katan na sabulu. Abin da na shekara da shekaru ina nema ban samu ba shi ne magidanci ko uwar ɗiya da za su naɗe tabarma su zo su kwana.

Ni kaina ban yi sikawut ina yaro ba. Tela ne ni, karatun lakwal ɗina bai wuce firamare ba. Ɗana ne ya shiga, aka ba ni ɗinkin fular, na makara, sai ranar da suka tafi na gama. Na hau babur na kai musu har wata makarantar ƙauye da suka sauka. Na iske yara sun fi 40, babban cikin masu kula da su ɗalibin jami'a ne mai shekara 22, sauran biyu ko gemu bai tsiro musu ba. Hadari ya haɗo daga gabas. Na ce bari in jira ruwa ya wuce. Ruwa bai wuce ba sai tsakar dare, iska ta yaye tanti guda, yara ƙanana suna kuka, samarin nan uku suna ta guje-guje da tocila, kowa na ba da umarni ba mai jin na wani. Abin da na yi a daren bai taka kara ya karya ba: na tara ƙananan cikin aji ɗaya, na zauna bakin ƙofa, na ce a ƙirga kai. Tun daga nan duk babban hutu ina rufe shago kwana 10.

Mutane na zaton aikin shugaban sansani waƙa ne da tafi da hura usur. Akwai su, kuma samari sun fi mu iyawa, a bar musu. Sauran aikin kuwa, wanda ba ya fitowa a hoto, ga shi. Ƙirga kai da asuba, ƙirga kai kafin abinci, ƙirga kai bayan an dawo daga tafiya, ƙirga kai kafin barci, har ka riƙa ƙirga naka ɗiyan a gida ba ka sani ba. Duba ruwan sha: daga ina aka ɗebo, an sa masa magani ko ba a sa ba, wane bidon ne na sha, wanne ne na wanki. Duba masai, wanda ba mai son dubawa. Bi gidajen sauro ɗaya bayan ɗaya ƙarfe 11 na dare, don yaro in ya ji zafi sai ya turo ƙafa waje. Hutunmu na makaranta daga Yuli zuwa Satumba ya faɗo daidai tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kamari, maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida kuma na ƴan ƙasa da shekara 5 ne, namu yaran sun wuce nan. Dole ka san inda likitar da ta fi kusa take, wa ke kwana a can, babur ɗin wa ke da mai. Dole ka iya haɗa ruwan gishiri da sukari da ka in wanda ake sayarwa a ƙunshe ya ƙare: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Duk wannan saurayi mai hankali zai iya koya. Sai dai akwai wurin da hankalinsa ba ya isar masa.

Wata shekara yara suna ƙwallo, ta faɗa gonar wani dattijo, su kusan 10 suka bi ta a guje cikin geron da ya fara bununi. Mai gona ya zo da hauyarsa a kafaɗa, ransa a ɓace, da gaskiyarsa. Shef ɗinmu, wato saurayin da ke shugabantar sansanin, yaron kirki ne wallahi, ya tarbe shi a tsaye, ya zaro takardar izini mai hatimi yana yi masa bayani rabi da Faransanci. Kun san abin da wannan ke nufi ga mutumin da aka tattake wa abincin shekara. Murya ta fara tashi, mutanen gari suka fara taruwa. Na je na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali da damina, na ce, "Baba, ɗiyanka ne suka yi maka ɓarna, mu da muke tare da su mu ne da laifi." Muka tafi tare muka ga wurin. Washegari da sassafe rukuni biyu suka yi masa gayya a gonar wakensa, ranar da za mu tashi shi ya aiko mana da ƙwaryar fura. Ba wata dabara na yi ba. Furfura ce ta gaisa da furfura. Haka in yaro ya kwanta da zazzaɓi ƙarfe 2 na dare, uban da aka tasa daga barci in ya ji muryar sa'ansa a waya hankalinsa ya fi kwanciya, kuma mai gari ya fi sakin jiki da wanda zai iya zama kusa da shi a tabarma.

Masu cewa wannan harkar yara ce su sani, shi Baden-Powell da ya kafa sikawut shekararsa 50 lokacin da ya kwashi yara kimanin 20 ya kai su tsibirin Brownsea a Ingila, cikin Agustan 1907. Janar ne na soja, sunansa ya riga ya cika ƙasarsu, amma ya kwana a tanti mako guda, shi ke tashin su da ƙaho da asuba.

To amma kada in yi wa manya daɗin baki, don ni na fi kowa sanin inda muke ɓata abu. Tsarin sikawut tun daga wancan sansani na farko shi ne a kasa yara ƙananan rukunoni, su da shugabansu a cikinsu, su kafa tantinsu, su hura wutarsu, su dafa abincinsu. Shekarata ta farko na kasa jure wannan. Na ga yaro ɗan shekara 13 zai zuba shinkafa ruwa bai tafasa ba, na karɓe ludayin. Na ga ɗaurin igiya a karkace, na kwance na sake. Kafin kwana uku yara sun gane, da zarar abu ya yi wuya sai su tsaya su harɗe hannu su jira Baba tela. Wannan ɗalibin jami'ar ne ya ja ni gefe, yana sunkuyar da kai don kunya, ya ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, ka koma inuwa ka zauna. In ta ƙone su ci ƙonanniya, gobe ba za ta ƙone ba." Na ji zafin maganar, ɗan cikina ne a haife. Amma na koma na zauna. Ta ƙone kuwa, muka ci da ƙauri. Rana ta biyar wannan rukunin ne ya yi shinkafa da waken da har yau nake tunawa.

Shi ya sa nake cewa aikin yana da wuya ga babba Bahaushe. Mun saba in muna wuri mu ne masu magana. A sansani za ka ɗaura fular irin na yaro, ka bi tsarin da saurayi ya zana, ka zauna idonka a buɗe hannunka a naɗe, ba za ka miƙe ba sai wuta za ta kama riga ko wani ya nufi gulbi. Wanda zai zo don a riƙa yi masa fifita da kawo masa ruwan alwala, ya yi zamansa gida, jika 10 ɗinsa ta fi mana amfani.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai, wato ƴan mata. Duk shekara akwai ɗiya mata da ke zuwa taron mako ba fashi, sun fi mazan iya ɗauri da agajin farko, amma ranar tafiya sansani sai ka ga babu su. In na je gida bin sawu, amsar uwa ɗaya ce: "Wace babba ce za ta kwana da su?" Kuma tana da gaskiya. Ni ma ba zan saki ɗiyata ta kwana a wani gari a hannun ƴar shekara 19 ba, komai hankalinta. Shekarar da wata Hajiya, malamar makaranta da ta yi ritaya, ta yarda ta bi mu, gidaje da dama da suka daɗe suna hanawa sun saki nasu, don kawai an ce Hajiya na can. Da ciwon ƙafa ya hana ta zuwa shekarar da ta biyo, aka koma gidan jiya. Iyayenmu mata, ku da kuke kwana uku a gidan biki kuna tsaron tukunya, wannan ma tukunya ce.

Akwai kuma maganar da ba mu son furtawa. Ba duk wanda ya ce yana son yara ne za a ba ajiyar yara ba. Ƙungiyar sikawut ta duniya ta amince da dokar kare yara daga cutarwa a taronta na Baku a 2017, mu kuma a wurinmu ƙa'idar a taƙaice take: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ba ya kwana cikin tantin yara, duk inda za a kai yaro manya biyu ke tafiya, ni ma da nake wannan rubutu ƙa'idar ta hau kaina. To ku lissafa. In manya uku ne kacal, biyu suka tafi likita da mara lafiya, mutum ɗaya ya rage da yara 40 cikin dare. Ƙa'ida mai kyau ba ta tsayuwa in babu mutanen da za su riƙe ta. Ga kuma halin da ake ciki na tsaro wajen iyaka, wanda ya sa wuraren da a da ake marmarin zuwa, irin su bakin tafkin Madarunfa da dajin Baban Rafi, yanzu sai an yi dogon tunani da shawarar hukuma, mu dai mun fi tsayawa a harabar makaranta kusa da gari. Yanke irin wannan shawara nauyi ne da bai kamata a ɗora wa ɗalibi shi kaɗai ba.

Masu cewa abin Nasara ne, na ji ku. Ku zo ku gani, salla biyar cikin jam'i, yaro ne ke kiran salla, yaro ne ke limanci, wanda ba Musulmi ba kuma ana ba shi lokacin ibadarsa. Iyayenmu da suka yi Samariya, ƙungiyar samari ta zamanin shugaba Kunce, sun san gayya da sharar gari da ginin aji, kuma ko a lokacin akwai dattawa a bayan sarkin samari. Wannan bai yi nisa da wancan ba. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace a Nijar, in muna sansani, itace muke dasawa kamar kowa.

Ranar rufe sansani kuwa, Allah mai iko, manya kamar daga sama. Motoci, manyan riguna, kujeru a inuwa, yaran da suka kwana 10 suna aiki a tsaye cikin rana ana yi musu jawabin cewa su ne manyan gobe. A ɗauki hoto a sa a Facebook, a tafi. Ban hana ba, yara na murna da ganinku. Ina dai cewa a cikin masu kujerun nan, da mutum huɗu za su raba dare a tsakaninsu, da na samu barcin awa shida ko sau ɗaya.

Ba a biyan ko dala. Kuɗin motarka ma kai za ka biya, kuma kwana 10 da shago a rufe ni na san abin da suke ci mini, uwargida ma ta sani, ta kan tuna mini. Za ka dawo da ciwon baya da dusasshiyar murya da cizon sauro duk da gidan sauron. Ba na roƙon kowa kwana 10. Dare biyu. Akwai ɗan horo da ake yi kafin tafiya, na agajin farko da ƙa'idojin zama da yara, kuma za a tambayi mutanen unguwarku halinka, kada ka ji haushi, ni ma an tambaya.

Yadin da na saya bana ya yi saura, na yanka fular 6 na manya na kalmashe bakinsu, uku na maza uku na mata. Suna cikin durowar keken ɗinki. Wanda ya san shagona ya biyo bayan la'asar, wanda bai sani ba ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Alhaji, in wannan rubutu ya iso gare ka, kuɗinka sun sayi gidan sauro, kuma akwai guda da ba a ba kowa ba tukuna.