Shinkafar da Muke Juyewa a Kwata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yanzu na dawo daga wata walimar aure a nan Birnin Kebbi, kuma wallahi raina a ɓace yake. Da aka watse, masu wanke-wanke suka tattara faranti suna juye shinkafa da miya cikin kwata, har da tsokar naman da aka gatsa sau ɗaya aka ajiye. Almajirai kuwa suna bakin ƙofa da robobinsu, ana korarsu.

Haba jama'a! A ce mu mutanen Kabi, da ake yi wa kirari da shinkafa, mu ne za mu wulaƙanta ta haka?

Ko mun taɓa tsayawa mun yi tunanin yadda ƙwaya ɗaya take samuwa? Koren nan da muke gani a ganye wani sinadari ne, kulorofil, da shi shuka take kama hasken rana. Saiwa ta jawo ruwa, ganye ya shaƙi iskar kabon dayoksaid, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, sai shukar ta yi amfani da ƙarfin hasken ta haɗa sukari, ta sako mana iskar oksijin da muke numfashi da ita kyauta. Sukarin nan shi ke taruwa ya zama sitaci a cikin ƙwaya. Wata 3 zuwa 4 ana wannan aiki, kullum rana ta fito, ba hutu. Kai kuwa da kake taƙama da kuɗi, wuni a rana tun hantsi har la'asar mu gani, in ban da zufa da ciwon kai ba abin da za ka samu. Allah bai ba ɗan Adam wannan baiwa ba. Saniya ma ciyawa take ci kafin ta ba mu nono, kifin Argungu kuma da gansakuka da ƙananan halittun ruwa abincinsa ya faro. Duk almajiran ganye muke.

In ka kai loma, tun daga baki miyau yake fara narkar da sitacin, hanji ya ƙarasa mayar da shi sukari, jini ya raba wa ko'ina, ƙwayoyin halittar jiki su ƙona shi da oksijin su fitar da kuzari. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke amfani da shi. Da shi zuciya ke bugawa kana barci, da shi kake ruku'u da sujada. Mai azumi ya san zancen nan, musamman in la'asar ta yi gwiwa ta fara sanyi.

Ga kuma wahalar manomi a fadamun Argungu da Augie da Suru. Fetur na injin ban ruwa, taki, dashe cikin taɓo, yara suna ta ihun korar tsuntsaye jan-baki tun asuba. Ba mu manta da ambaliyar 2020 ba, wasu ko buhu ɗaya ba su ɗauka ba.

Hajiya uwar biki, Allah ya sanya alheri, Allah ya ba su zaman lafiya, muna taya ki murna har zuciya. Amma wannan "kada a ce mun gaza" ɗin ta isa haka. Dafa-duka, soyayya, tuwo, waina, duk a faranti ɗaya, ciki nawa gare mu? Maza ma kada ku yi dariya, mun ga yadda kuke barin rabin kwano a gidajen abinci wai don kada a ce kun lashe. Lokacin buɗa-baki kuwa ba a cewa komai, kala-kala a kan tabarma, da safe sai bola. Mun san ayar da ta kira masu almubazzaranci 'yan uwan shaiɗanu, mun san an umarce mu in loma ta faɗi mu ɗauka mu share mu ci. Ba sani muka rasa ba.

Don Allah a zuba daidai ciki, in bai isa ba a ƙara. A tanadi robobi masu tsabta tun kafin a ɗora tukunya, abin da ya saura a miƙa wa maƙwabta da almajirai da zafinsa, ba sai ya yi tsami ba. Wanda aka jagwalgwala a ba kaji da awaki, ƙanzo a shanya. Don Allah, iyayenmu mata, don girman Allah a daina juye abinci a kwata.