Ɗan tsako ne, na sani, amma da kuɗina na saye shi

Tun jiya raina ke tafasa, kuma wallahi ba don ɗan tsakon kaɗai ba ne.

Yau kwana goma sha ɗaya da na karɓi 'yan tsakin noila hamsin, wato kajin nan masu ba da nama da ƙwai, irin waɗanda ake lodowa a kwali daga Ibadan su kwana a hanya kafin su iso Sakkwato. Kuɗin adashena ne kakaf. Shekaranjiya da la'asar autana ya faɗa ɗakinsu a guje ya taka ɗaya. Ƙafar hagu ta kumbura ƙasan gwiwa tana reto, ina taɓawa ya tsala ƙara. 'Yan uwansa kuwa suka hau tattake shi a bakin mazubin ruwa, don kaza ba ta san zumunci ba. Na ware shi a kwali. Gari na wayewa na rufa shi da gefen hijabi, na hau kabu-kabu daga Mabera zuwa wani shagon maganin dabbobi, shagon da shekara huɗu nake zuba wa kuɗi.

Na yi sallama. Yaron shagon, sa'an ɗana na biyu, yana kishingiɗe kan buhun abincin kaji yana latsa waya. Sai da na sake sallama ya ɗago.

"Mi kika so, Inna?"

Na yaye hijabi na nuna masa. Na ce, "Ɗana, duba mini ƙafar nan, karaya ce ko targaɗe?"

Ya leƙo, ko hannu bai miƙo ba. Sai ya bushe da dariya, ya ƙwala wa na shagon gefe kira. "Taho ka ga Inna ta kawo majinyaci! Inna, kin ɓata hanya, asibitin ƙashi na Wamakko za ki, su ba shi gado."

Na haɗiye. Na ce ba wasa ya kawo ni ba, ina likitan?

"Oga ya tahi gonar wani Alhaji, kaji dubu biyar ag gare shi. Wanga ki ba mussa ta yi kalaci."

Kun ji fa. Mussa ta yi kalaci da adashena. Bai gama ba, ya miƙa hannu kan kanta, idonsa na kan waya, ya jawo wata leda ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ya turo mini. Wai in zuba musu duka a ruwa kwana biyar. Ƙashin ɗaya ya karye, a ɗura wa lafiyayyu arba'in da tara magani! Sannu likita bokan Turai. Na tura masa abinsa na fito, rana na dukana, ɗan tsako na kuka a ƙirjina.

Wa ya yi aikin? Wata tsohuwar maƙwabciyata da ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Ta lalubi ƙafar a hankali ta ce karaya ce, amma fata ba ta fashe ba. Ta miƙar da ita, ta naɗa auduga, ta ɗora tsinken ashana biyu da ta yanke musu kai, ta zagaye da filasta ba tare da ta matse ba. Ta ce in duba yatsun safe da yamma, in sun kumbura ko sun yi sanyi in sassauta, in kuma riƙa sabunta ɗaurin don tsako girma yake kullum. Ƙashin tsako ba ya daɗewa, mako biyu zuwa uku ya haɗe. Minti goma bai cika ba ta gama, ko goro ba ta karɓa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba yau na fara ba. Bara 'yan tsakina shida ƙafafunsu suka baje gefe da gefe kamar masu iyo. Shagon nan dai ya sayar mini da magani kala uku. Daga baya na gano santsin jaridar da na shimfiɗa musu ne, da ɓuntun shinkafa na zuba da ba haka ba, kuma a kwanakin farko haɗa ƙafafun kawai ake da 'yar filasta kwana biyu uku su miƙe. Masu naɗewar yatsu kuma ƙarancin bitamin B2 ne, daga abincin da ya daɗe jibge a zafin Sakkwato har amfaninsa ya ragu. Maganar minti ɗaya, amma tunda ba a cikin leda take ba babu mai faɗa maka.

Kuma wai a garin da ake yaye likitocin dabbobi duk shekara! Ina malaman gonan da ake cewa suna zagayawa? Ni dai tunda na fara kiwo ban ga ƙeyar ko ɗaya ba a unguwarmu. A 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin kabu-kabu da buhun abinci suka tashi sama, aka ce mata ku kama sana'a. Mun kama. A 2024 aka buɗe ma'aikatar bunƙasa kiwo sukutum a Abuja, muka ji a rediyo, muka ce to. Har yau abin da ya iso akurkina daga gare ta bai kai ƙwayar gero ba. Lokacin zaɓe ne ake sanin ƙofar gidanmu, a kawo atamfa da taliya. Mu ma da namu laifin, mun mayar da mai ƙaramin jari abin dariya, yaro ya ga sa'ar uwarsa a tsaye ya kasa ko gyara zama.

Ɗan tsakon na nan cikin kwali a gindin gadona, da safen nan ya ci ya sha, har ya gwada dogara ƙafar. Jibi kuma ranar rigakafin gumboro ce, wata cutar 'yan tsaki, maganin kuma sai a sanyi ake ajiye shi, ga shi duk yankin shagon nan ne kaɗai na san firjinsa na aiki in an ɗauke wuta. Can zan koma da ƙafata, in yi wa yaron nan sallama sau biyu.